A Tambaye Mu Kafin A Sako Mana Sabon Sauro

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Masana sun fara kiwon sauro suna sauya masa halitta, su sake shi ya barbari na gari don zuriyar ta ragu. Namiji ake saki, shi kuwa ba ya cizo. Macen ce ke ɗora mana zazzaɓi. A 2019 an saki kimanin 6,400 a ƙauyen Bana na Burkina Faso, a 2024 aka yi a Jibuti. Sai ga shi a watan Agustan 2025 gwamnatin Burkina ta dakatar da aikin ɗungurungum.

Akwai kuma ƙwayar Wolbachia da ake sa wa sauro, wadda ta rage zazzaɓin dengi da kashi 77 cikin ɗari a birnin Yogyakarta na Indonesiya. Amma fa wancan sauron daban ne, ba shi ke kwantar da yaranmu kowace damina ba.

Don haka kada wani ya ji labari a rediyo ya naɗe gidan sauronsa. Gwamnatin Katsina kuma, don Allah a fara kai gidan sauro da maganin rigakafin yara na damina ga waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu. In wata rana za a kawo wannan sauro nan, a tara dagatai da limamai a yi mana bayani da Hausa tukuna.

Naku,
Wani ɗan kasuwar Sheme, Faskari.