Sabon Ma'aikaci a Hannun Oga: Abin da Rufe Masaƙun Kakuri Ya Bari

'Yar yayata ta gama bautar ƙasa ta samu aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a tsallaken kogin Kaduna. Wata bakwai ta yi ta ajiye. Na zaci albashi za ta kawo mini a matsayin dalili, don na san bai taka kara ya karya ba. Sai ta ce: "Kawu, kuɗin ai na san su tun kafin in shiga. Abin da ya gajiyar da ni, kullum sai na karanci fuskar mai makaranta a bakin ƙofa kafin in san irin yinin da zan yi." Ranar da cunkoson gada ya makarar da ita da minti goma, a gaban ɗalibanta aka yi mata tsawa, a ƙarshen wata kuma aka zaftare mata kuɗi. Ba a taɓa ba ta takardar kama aiki ba. Littafin tsara darasinta kuwa, sa hannu kawai ake yi a mayar mata, ba wanda ya taɓa buɗe shi ya ce nan kin yi daidai, nan ki gyara.

Ta koma wata makarantar da albashinta bai ma kai na farkon ba. A makon farko shugabar makarantar ta shigo aji ta zauna a bencin baya har aka tashi. Bayan yara sun fita ta kira ta ofis, ta nuna mata yadda ake raba allo gida uku da yadda ake jefa tambaya ga yaron da ke ɓoye kansa. Yau shekararta biyu a wurin.

Labarinta ba baƙo ba ne a unguwannin kudancin garin Kaduna irin su Barnawa, Narayi, Sabon Tasha ko Television. Matashi ya kama aiki a otal, kantin magani, gidan biredi, kamfanin ruwan leda ko rumfar POS, kafin shekara ta zagayo ya bari ya kama wani. Manya suna cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni kuwa ina ganin haƙurin iyayenmu yana da abin da ya jingina da shi, kuma abin nan ne ya rushe a wannan ɓangare na garin. Da can akwai tsari tsakanin sabon ma'aikaci da halin shugabansa. Yanzu halin oga shi ne tsarin gaba ɗaya.

Sai an tuna yadda Kakuri take kafin a gane girman abin da aka rasa. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila. Masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Ma'aikatar ƙera makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, aka ƙaddamar da matatar mai a 1980. Dubban mutane daga Binuwai, Filato, ƙasar Igala, Bendel da ƙauyukan Zazzau suka cika Makera da Nasarawa, jiniyar canjin aiki ce agogon unguwa. Yaron da ya shiga masaƙa yana ɗan shekara goma sha takwas, ana haɗa shi da tsohon hannu ya koya masa injin. Ya san matakin albashinsa, ya san na gaba da shi, ya san shekarun da ke tsakani. Akwai kuɗin ƙarin lokaci, akwai asibitin ma'aikata, akwai garatuti a ƙarshe. In mai duba aikinsa ya zalunce shi, akwai wakilin ƙungiya a sashensa da zai kai wa kuka, kuma ba a korarsa sai an bi matakai a rubuce.

Ba aljanna ba ce. Zafi, ƙarar injina da ƙurar auduga sun cinye lafiyar mutane da yawa, kuma shugabannin sassa masu taurin zuciya ba su yi ƙaranci ba. Tsarin nan ma ba kyauta aka ba ma'aikata ba, da gumi suka ƙwace shi. Adams Oshiomhole ya shiga Arewa Textiles a 1969 yana matashi, abokan aikinsa suka zaɓe shi sakataren ƙungiyarsu cikin 'yan shekaru. A 1982 ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, a 1999 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga baya ya yi gwamnan Edo. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi a kan siyasarsa, tarihinsa yana nuna abu ɗaya: a wancan zamani, ɓacin ran sabon ma'aikaci yana da inda zai kai shi, har ya zame masa makarantar koyon shugabanci. Yau ɓacin ran iri ɗaya ƙofar fita kawai yake nuna wa matashi.

Dalilan durƙushewar masaƙun sanannu ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina, da atamfofin waje da ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. UNTL ta rufe a 2007, ko da aka sake buɗe ta bayan 'yan shekaru ba ta koma yadda take ba. Ana yawan lissafa ayyukan da aka rasa. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne an rasa wurin da ake renon shugabanni. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana hawa mataki-mataki kafin a ba shi mutum ashirin ya kula da su, ya ga shugabanni iri-iri, ya san wanda ya gyara shi da wanda ya karya masa gwiwa. Manajan otal ko mai makarantar yau, sau da yawa kuɗi ne ko dangantaka ta ɗora shi a kujerar. Bai taɓa zama a ƙarƙashin shugaba nagari ba, to a ina zai ga samfuri?

Doka ma ta bar wannan fili kusan a buɗe. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa, amma wa ke bin rumfuna da ƙananan makarantu yana dubawa? Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kaduna ta ce za ta biya 72,000, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A irin waɗannan wuraren ne akasarin matasa ke fara aiki. Manyan kamfanonin da suka rage kuma, da yawansu ta hannun 'yan kwangila suke ɗaukar sababbi a matsayin ma'aikatan wucin gadi. Saurayi yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ma'aikacin dindindin, aikinsu ɗaya, amma shi ba ƙungiya, ba ƙarin girma, kuma wanda ke ba shi umarni daban, wanda ke biyansa daban. Ga wani abin da ya ƙara dagula lissafi: tun Maris na 2025 alawus ɗin ɗan bautar ƙasa ya koma naira 77,000. Matasa da yawa suna cire kakin bautar ƙasa su faɗa aikin da bai kai wannan ba. Mutum ya fara rayuwar aikinsa da ragin kuɗi, dole ya nemi wani abin da zai riƙe zuciyarsa a wurin.

Adalci ne a saurari ogan shi ma. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta ci gaba da hawa. Mai gidan biredi yana fama da fulawa da dizal, mai makaranta yana bin iyayen da su ma albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata. Wani mai kanti ya taɓa ce mini ya horar da yara uku, kowanne da ya ƙware sai ya tafi, ɗaya ma da kwastomominsa ya tafi. Don haka ya daina koyarwa, ya koma sa ido. Na fahimce shi, amma ina ganin ya juya lissafin. Yaron da ba a koya masa komai, ba a kuma yarda da shi, me zai zaunar da shi? Rashin yarda ke haifar da tafiya, tafiyar kuma ta ƙara rashin yarda, kowa yana ganin ɗayan ne ya fara.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya yi bayani tun 1959 cewa abin da ke sa mutum ƙin aiki daban yake da abin da ke sa shi son aiki. Ƙarancin albashi da mugun yanayi suna kawo ƙiyayya, amma gyara su kaɗai ba ya kawo so. So yana zuwa ne daga ganin kana ƙwarewa, ana yaba maka, ana damƙa maka amana. Ba zan ɗauki maganarsa dungurungum in ɗora a kan Sabon Tasha ba, domin wanda kuɗin keke ke cinye kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, yabo ba zai kai shi gida ba. Kuɗi ne farko, kuma duk shugaban da ke fakewa da "mu nan iyali ɗaya ne" don kada ya biya haƙƙi, zalunci yake yi. Amma inda albashin wurare ya yi kusan kunnen doki wajen ƙanƙanta, abin da ya rage ya bambanta su shi ne rabin na biyu, kuma wannan rabin kusan duka a hannun shugaba yake. Biyan albashi ranar da aka yi alkawari, yin gyara a keɓe, faɗa wa mutum abin da ake so daga gare shi tun farko: babu ɗaya a ciki da ke bukatar dizal.

Kogin ma yana da nasa hannu a ciki. Bayan rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu. A da masaƙa tana haɗa Bahaushe, Bajju, Tibi da Igala a layin inji ɗaya, ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya. Ƙaramin kamfani kuwa ta hanyar sani yake ɗaukar mutum, daga coci, masallaci ko dangi. Wannan yana da daɗinsa, don ogan da ya san mahaifinka yakan ji kunyar wulaƙanta ka. Amma yana ɗaure baki. Ta yaya za ka nemi haƙƙinka wurin dattijon da limaminku ko fastonku ya roƙa ya ɗauke ka? Wanda kuma ya tsallako gada ya shiga cikin waɗanda ba nasa ba, in shugaba bai tsaya masa ba, ba shi da kowa.

Illar ba ta tsaya a kan matasan ba. Ɗalibin da aka canza masa malamin lissafi sau uku a shekara shi ke biyan kuɗin wannan yawo. Ƙwarewa tana son zama wuri ɗaya, wanda ya yi aiki biyar a shekara uku sau da yawa farkon aiki ya maimaita sau biyar. Masu ƙoƙarin cikinsu sukan tattara su nufi Abuja, ko su raba hankalinsu biyu, jiki a wurin aiki, zuciya a kan kayan da suke tallatawa a WhatsApp. Abin da ya fi damuna shi ne gado. Ɗan shekara ashirin da huɗu da aka rena da tsawa, nan da shekara shida shi ne zai riƙe wasu, kuma abin da ya gani shi zai yi.

Wurin da na ga tsohon tsarin yana numfashi shi ne garejin kanikawa da rumfunan walda na Kakuri, inda wasu masu wurin tsofaffin ma'aikatan masana'antu ne. Na kai mota wurin wani dattijo a can. Yaronsa ya ɗaure wani noti ba daidai ba, dattijon ya gani bai ce uffan ba sai da ya ja shi bayan mota. Na ji yana cewa a hankali: "Kwance ka sake. Kada ka ja da ƙarfi, saurari ƙarfen, zai gaya maka in ya isa." Yaron ya ce, "To, Baba." Da na tambayi dattijon inda ya koyi wannan, sai ya nuna mini wajen masana'antu da sifana a hannunsa, ya ce wanda ya karɓe shi ranar da ya fara aiki haka ya yi masa. Yaransa shida ne a garejin, kowanne ya san shekarar da za a yaye shi, kuma biyu daga cikin waɗanda ya yaye a baya suna da nasu garejin a kan hanyar Kachia.