Iyafis: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Saya

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titin Ahmadu Bello a Kaduna, ya dubi masu fitowa daga Kawo da Unguwar Sarki, zai ga da yawansu kowa da ɗan abu toshe a kunne, yana tafe yana jin waƙa ko labarai daga wayarsa. Wannan abu shi jama'a ke kira iyafis. Da yake malaman makaranta da akawuna suna cikin masu sayensa, kuma aikinsu ba ya yiwuwa sai da lafiyayyen kunne, ya kamata a san yadda ake zaɓensa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1954, da aka fara sayar da 'yar rediyon aljihu a Amurka, akwai ɗan abin kunne guda da ake jona mata. A 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, mutane suka koyi yawo da kiɗa. A 2016 kuma kamfanin Apple ya cire kafar jona iyafis daga wayarsa, daga nan maras igiya, mai aiki da Bluetooth, ya yaɗu ko'ina.

Saboda haka tambaya ta fari ita ce, mai igiya ko maras igiya? Mai igiya ya fi araha, ba ya bukatar caji, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ran da ba wuta. Har wa yau, a yawancin wayoyi igiyar ita ce eriyar rediyon FM, in babu ita tasha ba ta kamuwa. Maras igiya ba ya harɗewa a aljihu, amma batirinsa yana raguwa da tsufa, kuma in ɗaya ya faɗi wajen sauka daga Keke Napep, ɗan'uwansa ya zama maraya. Mai saye ya fara duba wayarsa, ya ga ko tana da kafa.

Amma babban abin dubawa shi ne yadda ya zauna a kunne. Ga dalili. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙa'ida cewa baligi kada ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, watau 83 awa 20, 86 awa 10, 89 awa 5 kacal. To, babban titi mai cunkoson motoci shi kansa yakan kai wajen 80. Mutumin da iyafis ɗinsa bai toshe kunne sosai ba, hayaniya tana shiga, dole ya ƙara murya don ya rinjayi titi, ya wuce ƙa'ida bai sani ba. A can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu gashi, su ne ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba su sāke tsirowa. Ɓarnar kuwa sannu take tafiya, ba zafi, sai ran nan malami ya ga ba ya jin amsar yaron da ke kujerar baya.

Don haka a nemi mai kan roba mai taushi, wanda aka haɗo da kawuna manya da matsakaita da ƙanana. A gwada kowanne, a ɗauki wanda in an sa shi hayaniyar kasuwa ta ragu tun ba a kunna kome ba. Akwai kuma masu tsada da ke kashe ƙugin inji, suna da amfani ga mai shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja.

Wanda ya je Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kada kwali ya ruɗe shi, gama jabu ma yana da kwali mai kyau. Ya jona a wayarsa kafin ya biya, ya sa waƙar da ya sani sarai, kamar ta Alhaji Mamman Shata. In kalangu ya danne muryar mawaƙi har kalmomi ba su fita, ko kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, ya ajiye. Ya kuma kira wani, ya tabbata ana jinsa.

Bayan saye, sauran kiyayewa. Kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100. In na kusa da kai yana jin waƙarka, ko kunnenka yana ƙugi bayan ka cire, ka yi yawa. A riƙa goge robar saboda ƙurar hunturu da dauɗar kunne, kada kuma a yi aronsa. Abin da ya toshe hayaniya yana toshe ƙahon mota, saboda haka mai tsallaka titi ko mai tuƙi ya cire shi tukuna. Iyafis in ya lalace akwai wani a kasuwa, kunne kuwa ba a sayar da shi.