Me Ya Sa Wutar Lantarki Ke Riƙe Hannun Mutum?

Jijiyoyin ɗan Adam kan aika wa tsoka saƙo ne ta hanyar lantarki mai rauni ƙwarai. Idan wutar waje ta ratsa hannu har ta kai kimanin miliamfiya 15, sai tsokar ta ƙanƙame, mutum ya kasa sakin wayar. Idan kuwa ta kai 100, bugun zuciya na iya rikicewa. Gumi ma yana rage kariyar da busasshiyar fata ke bayarwa.

Saboda haka ake horar da masu gyaran injina a masana'antu cewa su kashe wuta, su datse makunni da kwaɗo, su riƙe mabuɗin, sannan su gwada waya kafin su taɓa ta. Kwaɗon shi ke hana wani kunna injin alhali hannun ɗan'uwansa na ciki.