Ƙarfe nawa aka sanar da rufe makaranta?

A yankunan Amurka masu sanyi, idan hunturu ya kankama, dusar ƙanƙara kan toshe hanyoyi har motocin ɗaukar ɗalibai su kasa fita. Ba gwamnatin tarayya ke ba da umarnin rufe makarantu ba, kowace gunduma da shugaban makarantunta, kuma shi ke da wuƙa da nama. Yawanci tun kafin asuba ake tura mutane su zaga tituna su ga irin santsin da suka yi, a ji ta bakin masu hasashen yanayi da masu share hanya. Wajen ƙarfe 5 zuwa 6 sai saƙo ya shigo wayoyin iyaye: yau babu karatu, ko kuma an ɗaga buɗewa da awa biyu.

Yara kam sai murna. Amma uwar da za ta karɓi aiki a asibiti ƙarfe 7, awa ɗaya kacal ta rage mata ta samo wanda zai zauna da 'ya'yanta. Mai aikin ofis yana iya buɗe kwamfuta a gida. Direban bas, da mai jinyar tsofaffi, da mai tsaron kanti ba su da wannan gatan. Akasarinsu da awa ake biyansu, ranar da ba su je ba babu ko sisi, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai aiki ya biya su. Hausawan da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York sun san wannan: can babu kaka a ɗaki, ba kuma kowace maƙwabciya ake miƙa wa yaro a wuce ba.

To me ya hana a sanar tun da dare? Hasashe yakan saɓa. Shugaban da ya rufe makarantu gari ya waye tas, ya shiga bakin jama'a. Ga shi jihohi da dama, har da New York, suna buƙatar kwana 180 na karatu a shekara, abin da aka rasa sai an rama daga hutu. Akwai kuma yara masu yawa da a makaranta suke samun karin kumallo da abincin rana. Duk dalilai ne na gaskiya, sai dai nauyin jinkirin kan talaka yake sauka.

Mafi muni shi ne a tashi yara ana tsakiyar karatu. Ranar 28 ga Janairun 2014 dusar da ba ta wuce inci biyu zuwa uku ba ta sauka a Atlanta. Makarantu da ofisoshi suka sallami mutane kusan lokaci guda, hanyoyi suka daskare, motoci suka cushe. Iyaye suka kasa isa ga 'ya'yansu, dubban yara suka kwana a makaranta, wasu suka maƙale cikin bas har dare ya raba.

Birnin New York ya ɗauki wata dabara, wato karatu ta intanet a ranar dusa. Da aka gwada ranar 13 ga Fabrairun 2024, ɗalibai da malamai da yawa sun kasa shiga manhajar da safe. Ko da ta yi aiki ma, ɗan shekara shida ba ya zama gaban kwamfuta shi kaɗai; dole wani babba ya fasa fita.

A ganina sanarwar dare ta fi, ko da wani lokaci za a rufe a banza. Wanda ya ji labari ƙarfe 8 na dare yana da damar yin musanyar aiki da abokinsa, ko ya kira 'yar'uwa, ko iyaye uku su haɗa yaransu a gida ɗaya. Idan kana da yara a irin waɗannan garuruwa, tabbatar lambar wayarka ta yanzu ce ke hannun makaranta, ka kuma shirya da wanda zai riƙe maka su tun kafin sanyi ya shigo.