Gani da Ganewa: Hanyoyin Jijiyar Gani a Ƙwaƙwalwar Biri da ta Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta gani da ganewa, domin yakan ce, "Na gan shi amma ban gane shi ba." Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan bambanci yana da tushe a ginin ƙwaƙwalwa, kuma ya kamata masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya su yi la'akari da shi.

2.0 Daga Ido Zuwa Ƙeya

Haske yana sauka ne a kan tantanin bayan ido, inda ake mayar da shi saƙo. Jijiyar gani, mai zaruruwa fiye da miliyan 1 a jikin mutum, ita ke ɗaukar saƙon. Jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa a wata mararraba, inda kimanin rabin zaruruwan ke tsallakawa ɗaya ɓangaren. Saboda haka abin da ke hagun mai kallo ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yake zuwa. Daga nan sai saƙon ya ya da zango a talamus, cikin wani curi mai hawa 6, sa'annan ya wuce fagen gani na farko da ke ƙeya. A nan ne Hubel da Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, suka nuna a kan kyanwa da biri cewa kowace ƙwayar jijiya tana da irin layin da take amsawa: miƙaƙƙe, kwantacce ko karkatacce.

3.0 Rabuwar Hanya

A 1982 Ungerleider da Mishkin suka nuna, ta nazarin birin makak, cewa hanya tana rabuwa biyu bayan ƙeya. Hanyar ƙasa tana gangarawa sashen da ke daura da kunne, aikinta tantance siffa da launi da fuska. Hanyar sama tana hawa wajen tsakar kai, aikinta sanin wuri da motsi. Alal misali, yaron da ke tsaron gona a ƙauye, hanyar ƙasa ce ke shaida masa cewa abin da ke cikin masara jan biri ne, ta sama kuwa ita ke saita hannunsa idan ya tashi jifa.

A farkon shekarun 1990 Goodale da Milner suka bayyana wata majinyaciya da hanyarta ta ƙasa ta lalace. Ba ta iya faɗin inda bakin wata kafa ya karkata, amma tana zura kati a cikinta ba kuskure.

4.0 Matsayin Hausa

Bisa tsarin Parsons na 1960, "gane" aikatau ne aji na 4, ajin da ke nuna cikar aiki, kuma daga "gani" ya tsiro. Ke nan a nahawun Hausa ganewa kammaluwar gani ce. Kuskure ne a kira irin waccan larura "makanta", domin ido lafiya lau yake. "Rashin ganewa" ya fi dacewa da ita.

5.0 Kammalawa

Harshe ba ya maye gurbin ɗakin gwaji. Sai dai idan Hausa ta riga ta mallaki bambancin da kimiyya ke nema, wajibi ne mai fassara littafin makaranta ya fara binciko shi kafin ya nufi aro.