Me Ke Sa Firji Ya Daina Yin Ƙanƙara?

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ƙanƙara takan zama kaya mai daraja, balle ma idan azumi ya faɗo a wannan lokaci. To, akwai wani nau'in firji wanda ba ya bukatar a zuba ruwa a tire a zauna jira. A cikin sashensa na daskarewa, watau firiza, an ɗaura wata 'yar na'ura wadda ke ɗiban ruwa da kanta daga famfon gida, ta daskarar da shi, sa'an nan ta zubo ƙanƙarar a cikin wani akwati. Kamfanin Servel na Amurka ne ya fito da firji mai irin wannan na'ura a shekarar 1953. Amfaninta a fili yake, amma wata rana sai a wayi gari akwatin ba kome a ciki, alhali kuwa firjin na ta gurnani kamar yadda ya saba.

Abin da akan fara faɗa a irin wannan hali shi ne, "Gas ya ƙare." Wannan magana ta ci kuɗin mutane da yawa a banza. Gas ɗin firji ba kamar man fetur yake ba da inji ke ƙonewa. A cikin rufaffen bututu yake kewayawa shekara da shekaru, ba ya raguwa sai idan bututun ya huje. Cikin abubuwan da za a zarga, shi ne ya kamata ya zo ƙarshe.

Yadda na'urar ke aiki

Aikin na'urar jerin matakai ne, kowane mataki yana jiran na gabansa ya kammala. Da farko wutar lantarki na shiga wani naɗin waya da ke jikin bawul ɗin ruwa a bayan firji. Naɗin wayar sai ya zama maganaɗisu, ya ja wani ɗan ƙarfe, hanyar ruwa ta buɗe. A irin na'urar da ta fi yawa a firjin Amurka, bawul ɗin kan zauna a buɗe na kimanin daƙiƙa 7, ruwa wajen mililita 140 ya shiga wani tiren alminiyam mai gurabe. Daga nan sai jira. A jikin tiren akwai tamostat, watau makunnin da sanyi ke kunnawa, kuma ba ya motsi sai sanyin tiren ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifili. Da zarar ya kai, sai wata hita da ke ƙarƙashin tiren ta ɗan ɗumama shi don ƙanƙarar ta saki, wani ɗan injin lantarki kuma ya juya wasu yatsun roba masu kama da manjagara, su kwashe ta zuwa cikin akwati. A ƙarshen wannan juyi ne ake sake buɗe bawul. Akwai kuma wata na'urar mai tiren roba wadda ba ta da hita, murɗa tiren take yi har ƙanƙarar ta faɗo, amma jerin matakan ɗaya ne.

Tunda haka abin yake, tiren da kansa zai nuna inda jerin ya katse. A haska tocila a duba: tiren a bushe yake, ko ruwa ne kwance bai daskare ba, ko kuwa ga ƙanƙara ta yi amma ta ƙi fitowa?

Kafin wannan ma akwai abin da ba ya cin ko minti ɗaya. A gefen na'urar akwai wata siririyar sandar ƙarfe wadda ke sauka cikin akwati. Idan ƙanƙara ta cika ta tokare ta a sama, na'urar sai ta tsaya. Sau da yawa ledar nama ce ko robar zoɓo aka tura ta ɗaga sandar. Wasu firjin kuma hasken da ido ba ya gani suke amfani da shi a madadin sanda, kuma duk abin da ya tare hasken zai tsayar da aiki. Akwai makunni ma a jikin wasu, wanda yaro mai ƙiriniya kan iya kashewa.

Idan sanyi ne bai isa ba

Nan ne ilimin kimiyyar da ake koyarwa a aji ke da abin cewa. Firji ba ya zuba sanyi a cikin ruwa, zafin da ke cikin ruwan yake kwashewa ya fitar waje. A ɗauki giram 140 na ruwa mai zafin digiri 30. Kowane giram yana bukatar a cire masa jul 4.2 kafin ya sauka da digiri ɗaya, saboda haka saukar da shi zuwa sifili zai ci jul 17,640. A sifili kuwa sai ma'aunin zafi ya tsaya cik, domin kafin giram ɗaya na ruwa ya koma ƙanƙara sai an cire masa jul 334, ba tare da ma'aunin ya gusa ba. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma a nan ya kama jul 46,760. Bayan haka, saukar da ƙanƙarar zuwa digiri 9 ƙasa da sifili, a kan jul 2.1 kowane giram kowane digiri, zai ci jul 2,646 kacal. Jimla wajen jul 67,000 ke nan, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan aiki a wurin daskarewar yake.

Wannan lissafi ya bayyana dalilin da ya sa ɗauke wuta ke yi wa na'urar illa fiye da yadda ake zato. Idan wuta ta zo ta yi awa biyu ta tafi, firjin zai ƙare lokacin ne yana kwashe zafin da ya shiga tun ɗaukewar baya, daga jikin bango da nama da duk abin da ke ciki. Ruwan tire na iya fara yin ɓawon ƙanƙara a sama, wuta ta ɗauke, ya narke, a koma gidan jiya.

Firiza mai lafiya tana zama ne a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ta tsaya a 5 ko 6 ƙasa da sifili, ruwa zai daskare, nama ma zai yi tauri a hannu, mai gida ya rantse cewa sanyi lafiya lau, amma tamostat ba zai kunna ba domin bai ga sanyin da yake jira ba. Sai a tarar da ƙanƙara kwance a tire kwana da kwanaki. Saboda haka taɓawa da hannu ba hujja ba ce, awo ake yi: a sa ma'aunin zafi tsakanin kayan da suka daskare, a rufe ƙofa, a karanta bayan sa'o'i da dama da wuta. Malamin da zai gwada wannan da ɗalibai ya lura cewa yawancin ma'aunan ɗakin gwaji a digiri 10 ƙasa da sifili suke tsayawa, sai a nemi wanda ya sauka ƙasa da haka.

Me ke rage sanyin? Ɗaya daga cikin manyan masu laifi a ƙasar Hausa shi ne ƙura. Zafin da firji ya kwaso daga ciki yana fita ne ta wani lanƙwasasshen baƙin bututu da ke baya ko ƙarƙashinsa. Ƙurar hunturu da gashin kyanwa da yanar gizo-gizo sukan lulluɓe shi kamar bargo, zafin ya rasa hanyar fita. A cire fulogi, a share shi da burushi mai laushi, a kuma janye firjin daga jikin bango don iska ta ratsa. Sai robar ƙofa: a rufe ƙofar a kan takarda, idan takardar ta zare ba tare da turjiya ba, iska mai ɗumi na shiga ta nan. Haka kuma idan fankar da ke cikin firiza ta tsaya, ko ƙanƙara ta toshe bangon baya saboda hitar narkarwa ta mutu, sanyi ba zai zagaya ba.

Akwai kuma abin da masu saye ba su cika dubawa ba. A jikin takardar da aka manna wa firji akan rubuta ajin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Aji N an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuwa ya kai 43. Firjin da aka yi amfani da shi a Turai aka kawo, mai ajin N, idan aka ajiye shi a kicin mai rufin kwano a tsakiyar bazara, ba lalacewa ya yi ba in ya gaza. An ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne.

Idan tiren a bushe yake

To, ruwa ne bai iso ba. A fara da famfon da ke ba firjin ruwa, a tabbatar a buɗe yake, sa'an nan a bi siririn bututun roba a ga ko ya lanƙwashe lokacin da aka tura firjin jikin bango. Matatar ruwa ma takan toshe. Masu ƙera ta sukan ce a sauya ta duk bayan wata shida, amma ruwan burtsatse mai yashi ko mai barin farin dafi a cikin buta yana iya toshe ta tun kafin nan.

Matsalar da ta fi ɓuya ita ce ta ƙarfin ruwa. Na'urar ba ta auna yawan ruwan da ya shiga tire, lokaci kawai take ƙirgawa, kuma masu ƙera ta da yawa sun ƙayyade cewa matsin ruwan kada ya gaza kimanin kilofaskal 140. Gidaje masu yawa a nan kuwa daga tankin sama suke samun ruwa. Ɗalibin da ya san cewa matsin ruwa ya dogara ne ga tsawon da ya gangaro zai iya yin lissafin da kansa: kowace mita ɗaya tana ba da kilofaskal 9.8. Tankin da saman ruwansa ya ɗara bawul da mita 5 zai ba da kilofaskal 49 ne kawai, kusan sulusin abin da ake bukata. Kafin a sami 140 sai ruwan ya gangaro daga tsawon mita 14 da ɗoriya, kusan bene mai hawa huɗu. Girman tankin ba ya ƙara kome a nan, tsawo ne kaɗai ke magana. Alamar wannan matsala ita ce ƙanƙara ƙanana ko masu rami a ciki, maganinta kuma ɗan injin ƙara wa ruwa ƙarfi ne, ba sauya na'ura ba.

Raunin ruwa yana haifar da wata matsalar. Irin wannan bawul matsin ruwan ne ke taimaka masa ya rufe ruf. Idan matsin ya yi kaɗan sai ya riƙa ɗiga, ɗigon ya daskare a bakin bututun da ke shiga firiza, a hankali ya toshe shi gaba ɗaya. Ana narkar da toshiyar da ruwan ɗumi bayan an cire fulogi, amma za ta dawo muddin ba a gyara asalin ba. Idan kuma ruwa na da ƙarfi, bututu a buɗe, amma ba a jin ƙarar bawul a ƙarshen juyi, to wataƙila naɗin wayarsa ya ƙone. Mai gyara zai gane haka cikin minti biyu da na'urar awon lantarki: wayar da ta katse ba ta barin wuta ta wuce. Wannan ƙonewa takan faru ga firjin da aka yi don wutar Amurka mai bolt 120 idan aka haɗa shi da wutar Nijeriya mai bolt 230 ba tare da taransifoma mai kyau ba.

Idan an tabbatar da sanyi da ruwa amma yatsun ba su juya ba, sai zargi ya koma kan na'urar kanta: tamostat, ko hita, ko injin juyi da haƙoransa na roba. Wasu na'urorin suna da maɓallin gwaji wanda ke sa su yi juyi ɗaya nan take, a ga matakin da suka tsaya. Gyaran nan na mai sana'a ne, domin akwai wuta a ciki ga kuma jiƙa, kuma galibi na'urar ake sauyawa ɗungurum. Bayan kowane gyara sai an yi haƙuri, domin firiza na iya cin kusan kwana guda da wuta kafin ta koma daidai. Idan an kashe firji kuma, a jira minti biyar kafin a sake kunnawa, don matsin gas ya daidaita kada kwampireso ya tashi da nauyi.

Yanzu ne aka zo kan gas. Alamunsa sun bambanta: kwampireso na aiki ba hutu, firji da firiza duka sun yi ɗumi, wani lokaci a ga maiƙo a mahaɗar bututu. Idan haka ne, ƙara gas ba tare da an gano hujin an like shi ba asarar kuɗi ce, domin zai sake zurarewa. Wajibi ne kuma a duba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin firjin. Tsohon gas mai suna R12 an daina yin sa a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata rufin iskar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. R134a ya maye gurbinsa, daga baya kuma firjin gida da yawa suka koma R600a, wanda ke kama wuta. Ba a cakuɗa su. Sau da yawa kuwa hujin da ake samu a firiza ba tsufa ne ke kawo shi ba, wuƙa ce da wani ya sa yana ɓamɓarar ƙanƙara daga bango, bai san bututun gas na kwance a bayan siririn alminiyam ɗin ba.