Mabuɗin da Aka Bai Wa Baƙo: Yadda Ake Sace Rajistar Abokan Ciniki Ba Tare da Fasa Ƙofa Ba

JOS — Mutumin da ke sayen katin wutar lantarki ta wayarsa a Bukuru ko Farin Gada ba ya buƙatar zuwa ofishin Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos. Da zarar ya danna lambar mitarsa a manhajar banki ko ta wani dillali, sai sunansa ya fito tun bai biya ko kwabo ba. Wannan sauƙi ya samu ne saboda kamfanin, wanda ke hidimar jihohin Filato, Bauchi, Binuwai da Gombe, ya buɗe wa dillalan wata kafa zuwa rajistar masu mita. Tsarin ba shi da laifi, kuma haka ciniki ke gudana yanzu a bankuna da kamfanonin waya da na inshora. Sai dai irin wannan kafar ce ɓarayin bayanai suka bi a shekarar 2025 suka yi wa manyan kamfanonin duniya ɓarna.

A da, rajistar abokan ciniki littafi ne da mai shago ke kullewa a aljihun tebur, kuma abin da yake ji wa tsoro shi ne gobara ko yaro marar amana. Yanzu matsakaita da manyan kamfanoni suna hayar manhajar kula da abokan ciniki, wadda aka fi sani da CRM, daga kamfanoni irin su Salesforce da Microsoft da Zoho. A cikinta ake ajiye sunan kwastoma, lambar wayarsa, abin da ya saya, bashin da ake bin sa da duk ƙorafin da ya taɓa kawowa. Manhajar kuwa ba ta aiki ita kaɗai. Akan haɗa ta da wata mai aika saƙon waya, da wata mai karɓar kuɗi, da wata mai amsa tambayoyin masu ziyartar shafin kamfani. Kowace daga cikinsu ana ba ta wani mabuɗin lantarki da za ta riƙa shiga da shi dare da rana, ba tare da an nemi kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ba. Wanda duk ya sace mabuɗin, to ya gaji wannan izini.

Abin da ya faru ke nan da Drift, manhajar hira da kwastomomi mallakar kamfanin Salesloft na birnin Atlanta a Amurka. Binciken da kamfanin Mandiant ya gudanar ya nuna cewa masu kutse sun sami shiga ma'ajiyar da injiniyoyin Salesloft ke aiki a dandalin GitHub tun daga watan Maris na 2025, suka yi ta leƙe har zuwa Yuni ba a farga ba. Daga nan suka kai ga mabuɗan da kamfanoni suka bai wa Drift. Tsakanin 8 zuwa 18 ga Agusta suka yi amfani da su suna kwasar bayanai daga rumbunan Salesforce, kuma sashen binciken tsaro na Google ya ce kamfanonin da abin zai iya shafa sun haura 700. Sai a ranar 20 ga watan aka soke mabuɗan.

Abin mamaki shi ne cikin waɗanda aka yi wa satar har da Cloudflare da Palo Alto Networks da Zscaler, waɗanda sana'arsu ke nan sayar wa wasu da tsaro. Ba a karya ganuwar Salesforce ba, domin a wurin na'ura mai riƙe da mabuɗi ɗan gida ne. Ɓarayin kuma ba sunaye kawai suka je nema ba. Sun bi takardun ƙorafin kwastomomi suna tsintar kalmomin sirri da wasu mabuɗan da mutane suka manna a ciki lokacin da suke neman a gyara musu wata matsala. Cloudflare kaɗai ya gano mabuɗansa 104 a cikin abin da aka kwashe, ya kuma canza su gaba ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar sai ga makamancin wannan ta hanyar wata manhajar mai suna Gainsight.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar wata gwaninta. A cikin shekarar dai, wasu sun riƙa buga wa ma'aikatan kamfanoni waya a matsayin jami'an sashen kwamfuta, suna lallashinsu su amince da haɗa wata manhajar bogi da rajistar. Google da kansa ya amsa cewa an shiga ɗaya daga cikin rumbunansa ta haka. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa samun kiran wani mai cewa daga banki yake, wannan dabara ba baƙuwa ba ce.

Nijeriya ma ta ɗanɗana nata. A 2024, rahotannin 'yan jarida da na ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafuka irin su XpressVerify da AnyVerify da ke sayar da bayanan lambar shaidar ɗan ƙasa, har a kan naira 100. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, amma ta taƙaita damar da take bai wa wakilan tantancewa masu lasisi yayin da ake bincike. Ga wanda aka sayar da hotonsa da ranar haihuwarsa, ko ta ƙofa aka bi ko ta taga duk ɗaya ne.

Ta fuskar tattalin arziki, matsalar ta farashi ce. Kamfani yana ganin kuɗin hayar manhaja ƙarara a takardar biya, da dala, bisa yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. Haɗarin da ke tattare da ƙarin kowace manhaja kuwa ba ya fitowa a kowane lissafi sai ranar da aka yi asara. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ke nan kuɗin haya ya ninka fiye da sau uku. Manajan da ke neman inda zai rage kashe kuɗi ba zai taɓa manhajar da ke kawo ciniki ba. Zai fi masa sauƙi ya ajiye mai duba tsaro, ko ya koma ga ƙaramar manhaja mai araha da bai san masu ita ba. Araha kuwa, an ce, ba ta ado.

Doka ba ta karɓar wannan uzuri. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa kamfanin da ya tattara bayanan nauyin tabbatar da cewa duk wanda ya miƙa wa su yana kiyaye ƙa'ida, bisa rubutacciyar yarjejeniya. Idan aka yi satar da ka iya cutar da mutane, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, wanda duk ya fi yawa. A watan Agustan 2024 hukumar ta ci Bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kuma cikin dalilanta har da dogaro da wasu 'yan kwangilar sarrafa bayanai da ba su cika sharuɗɗa ba, kodayake bankin ya musanta aikata laifi.

Ga masana'antun abinci, otal-otal, asibitocin kuɗi da bankunan ƙananan 'yan kasuwa na Jos, gyaran farko bai kai tsadar da ake zato ba. Manhajojin suna da shafin da ke nuna duk wata manhajar waje da aka bai wa izini. Wanda ya buɗe shi zai iya tarar da wadda wani ma'aikacin talla ya gwada shekaru biyu da suka wuce, ya bar aiki, ita kuwa mabuɗinta na nan da rai. Irin wannan a soke ta, sauran kuma a rage musu iko: mai aika saƙon gaisuwar Sallah ko Kirsimeti lambar waya kawai take buƙata, ba tarihin bashin kwastoma ba. Ana iya kuma ƙayyade wuraren da za a karɓi mabuɗin daga gare su. Kamfanin Okta ya ce da wannan matakin ne ya tsira a harin Drift, domin da ɓarayin suka gwada mabuɗinsa daga wani wuri dabam, ƙofar ta ƙi buɗewa.